Kadunar da Ban Je Ba

Da za a ba ni dama in goge abu ɗaya cikin abin da na aikata a duniya, ba gonar da na sayar zan dawo da ita ba, ba kuma faɗan da na yi da surukina zan janye ba. Zaman da na yi a shagon Barmo tela a Tambuwal shi zan goge, zaman da na tashi daga gare shi na koma gida na ce daga Kaduna nake. Ku 'ya'yana da 'ya'yan ƙanena Sanda kun taso kuna jin cewa Inna ce ta sa masa albarka ya tafi aikin sojan ruwa, ni kuma na tsaya masa. Ranar zaman makokinsa wani babban hafsa da ya zo daga Ikko ya maimaita haka a gaban jama'a, na sunkuyar da kai na ce haka ne. Ba haka ba ne. Ƙanwata Hajo da ta san gaskiya ta riga mu gidan gaskiya, Barmo ma haka. Saura ni, kuma hannuna ya fara rawa in na riƙe alƙalami.

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, shi ya sa ake ce mini Dikko. Sambo ke bi mini, sai Hajo, sai autanmu Umaru da muke kira Sanda. Yaran yanzu kuna zama tabarma ɗaya da uwayenku kuna hira, don haka sai na yi muku bayani. A Kebbe ta lokacinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallon idonsa, ba ta zama inda yake zaune. Kakata ce ta yi renona. In Inna na son in yi wani aiki, sai ta dubi wanda ke kusa ta ce a faɗa wa wancan itace ya ƙare, alhali ina tsaye a gabanta. In baƙo ya yi kuskure ya ambaci sunana, sai ta juya fuska wajen bango har a sake magana. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, don kullum malmalata ta fi ta kowa girma, kuma in na yi zazzaɓi ina jin takunta a bayan ɗaki tana kai da komo. Amma tun da na yi wayo ban taka cikin ɗakinta ba. Da Hajo ta girma sai ta zama bakinmu: Inna ta faɗa mata, ta faɗa mini, in ba da amsa, ta mayar.

Gonarmu ta shinkafa tana ƙetaren gulbi. Da rani da ƙafa ake ratsa shi, da damina kuwa sai masu fito, waɗanda ke ƙetarar da mutane da manyan goruna: ka rungume gora da ƙirji, mai fito na iyo yana tura ka. Wata damina ni da Sambo muka bi Baba gona. An ƙetarar da ni, ina tsaye a gaɓa ina matse wando, sai na ga gorar Sambo ta juya, ta tafi ita kaɗai tana rawa a kan ruwa. Ko ihu bai yi ba. Masunta ne suka tsinci gawarsa can ƙasa da gari. Da aka shigo da shi gida Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta tsaya tsakar gida, Sanda na goye a bayanta, ta yi magana da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Ku ji da kunnuwanku. Dut wanda yak kai min ɗiya ga ruwa bayan wanga, ko wa na, ban yafe mishi ba, duniya da lahira."

Baba ya bar gonar ƙetare daga wannan shekara. Sanda ya tashi bai san gulbi ba sai hange, yaran unguwa na tsokanarsa suna ce masa mai wankan buta. Ni ma ban ƙara shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba, kuma ba Inna ce ta hana ni ba.

Baba ya rasu, gida ya dawo wuyana. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma Sanda Allah ya ba shi kai, har aka ɗauke shi makaranta a Sakkwato. Shekarar da aka sauke tutar Turawa ya zo hutu, ya same ni ina gyaran jinkar rumbu, ya tsaya a ƙasa yana miƙo mini igiya.

"Yaya, wasu hafsoshi sun zaka makarantarmu. Sun ce jiragen yaƙi na ruwa babu ɗan Arewa ciki. Hedimasta ya ba da sunana, don lissafi."

"Jiragen mi?"

"Na ruwa. Ikko za a kai mu."

"Kai da ko buta in ta cika sai an rage maka?"

"Ni ban tsoron ruwa, Yaya. Hana ni anka yi. Kai ka tsoro."

Na ce masa ba da ni ba, kada ya sake tayar da maganar. Amma ba a jima ba dogari ya zo kirana. Na tarar da wakilin hakimi zaune a zaure da wani malamin makaranta, takarda na gabansu, ana son hannun wanda ke riƙe da yaro. Wakili ya yi mini fara'ar da bai taɓa yi mini ba. Ya ce yanzu ƙasa tamu ce, gwamnatin Arewa na son 'ya'yanmu su shiga ko'ina, ƙanena zai ɗaga sunan garinmu. Sannan ya dube ni ya ce ko ina da ja. Ina durƙushe, hulata a hannu. Ban taɓa ce wa mai rawani a'a ba, ubana ma bai taɓa ba. Na ce ba ni da ja, ranka ya daɗe, na sa hannu. Sai da na fito na hangi katangar gidanmu muryar Inna ta faɗo mini, na zauna a gindin wata tsamiya har rana ta yi sanyi. A nan na ƙulla abin da zan ce: Sanda ya sami aikin akawu a Kaduna.

Sanda bai so ba. Ya ce in bar shi ya faɗa mata da bakinsa, ta yi fushi ta huce.

"In kaf faɗa mata, ba kai za ta yi ma baki ba," na ce masa. "Ni na. Ni nis sa hannu."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to. Ku riƙe wannan: shirun da ya yi duk tsawon shekarun nan, don ya kāre ni ya yi shi. Ƙaryar kuma ba ta yi mini wuya ba, domin Inna ba za ta taɓa kirana ta dubi idona ta tambaye ni ba. Na faɗa wa Hajo, Hajo ta faɗa mata. Ranar tafiyarsa ina bakin ƙofa ina jin sallamarsu.

"An ce Kaduna ma da gulbi."

"Akwai gada, Inna. Ta ƙarfe."

"To ko gadar kak ka tsaya bisa. Ka wuce da sauri."

Sai bayan 'yan shekaru ya sami hutu mai tsawo. Na je Tambuwal tarbarsa. Da motar ta tsaya ya diro, fari fat tun daga hula har takalmi, ya zama ƙaramin hafsa, yaran tasha suka yo kansa. Ni ban ga kyau ba, idon mutanen Kebbe da ke cin kasuwa kawai nake gani. Na ja hannunsa muka faɗa shagon Barmo. Barmo abokina ne tun muna yara, tela ne mai baki, kuma shi kaɗai na faɗa wa gaskiya. Ya ɗaga ƙafa daga keke ya zagaya Sanda yana shafa ɗinkin kafaɗa.

"Dikko, wagga riga ko Gwamna sai haka. Ka bari tsohuwa ta gani mana, ko sau guda."

"Ba ni aron riga, Barmo, ka bar surutu."

Sanda ya tuɓe. Ya ninke kayan da kansa, a hankali, yadda aka koya musu, Barmo ya sa a adaka. Ya shiga Kebbe cikin rigar wani mai sayar da gishiri da bai zo karɓar ɗinkinsa ba. A gida Inna ta kama hannuwansa biyu tana juyawa.

"Hajo, dubi hannun akawu. Alƙalamin Kaduna igiya gare shi?"

"Ni tafiyatai nika kallo, Inna," in ji Hajo. "Shina buɗa ƙafafu awa ɗan kaciya."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ɗago ya dube ni ta saman kan Inna. Ya kawo wa yara wata ƙatuwar katantanwa ta teku, wadda in ka kara a kunne sai ka ji kamar iska na tasowa. Na karɓe ta daga hannunsu na jefa a tsohuwar rijiya. A gona ne kawai yake iya buɗe baki. Ya ba ni labarin yadda aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka tura shi cikin ruwa, shi ne na ƙarshe da ya iya iyo a cikin 'yan ajinsu, kuma shi ne na farko a lissafin taurari da ake gane hanya da su. Ya ce akwai inda za ka juya gabas da yamma ba ka ga ƙasa ba, igiyar ruwa ta taso ta fi kukar kasuwarmu tsawo. Ya ce a ƙasar Turawa ya ga jirgin sama ya tashi daga kan jirgin ruwa ya dawo ya sauka, kuma in Allah ya yarda sai ya tuƙa irinsa. Na ce ya yi wa Allah ya yi shiru. Ran nan ban iya cin tuwo ba.

Bayan ya koma Inna ta kama kaɗi. Audugar gonarmu ta zaɓa da hannunta, ta gurje, ta shiɓe, ta yi ta murza mazari har zaren ya taru, ta aika wa masaƙi. Farin saƙi ne mai laushi, na rigar da Sanda zai sa ranar aurensa. Ta naɗe shi ta sa a ƙasan tukunyar kayanta.

Sai shekarar da ƙasa ta rikice ta zo, shekarar da sojoji suka kashe manyanmu suka karɓi mulki. Muna taruwa ƙofar gidan hakimi muna sauraron rediyo, kowa ya tashi da abin da ya fahimta. Kafin damina ta yi nisa aka ce sojojin sun koma kan junansu. Motoci suka riƙa sauke mutanenmu da suka baro kudu, wasu ko takalmi babu. Inna kuwa hankalinta kwance. Ina jin ta tana ce wa maƙwabta ita ta gode Allah, nata yana Kaduna cikin 'yan'uwa. A cikin wannan damina ƙafafunta suka kumbura, kumburin ya hau, ta kwanta. Wata safiya Hajo ta same ni a zaure.

"Inna ta ce a ce ma wancan shi kira mata Sanda."

Na hau keke na tafi Tambuwal, na aika saƙon waya, wato talgiram, zuwa barikinsu a Ikko. Ma'aikacin gidan waya ya ce in dawo. Na dawo, babu amsa. Na koma tasha ina tare duk wanda ya sauko daga motar kudu. Wani ya ce an tsare 'yan Arewan da ke cikin sojan ruwa. Wani ya ce a'a, jiragen duk sun fita teku. Wani mai goro ya ce shi dai ya ji ana zuba mutane a ruwa, amma bai gani da idonsa ba. Tun daga ranar gorar Sambo ta dawo mini. Ina noma ina ganinta, ina sallah ina ganinta tana rawa ita kaɗai. In Sanda ya mutu, to abin da Inna ta faɗa a tsakar gida ya tabbata, kuma ni ne wanda ya kai mata ɗa ga ruwa. Na koma gida na ce an aika, yana tafe.

Kowace ranar kasuwar Tambuwal sai Inna ta sa a dama fura a rufe, a kuma ɗaga mata asabari don ta riƙa ganin ƙofar gida. In yamma ta yi a ba yara furar. Da abin ya yi yawa Hajo ta tsare ni. Ta ce Kaduna ba Makka ba ce, mijinta zai shiga mota ya je ya taho da shi ko da a ɗaure. Na ce wannan aikin babba ne, ni zan je da kaina.

Na yi sallama da gida, na ɗauki buhuna, na sauka a shagon Barmo. Akwai wani ɗan ɗaki a baya inda yake tara ƙyallaye. A nan na zauna. Da safe in bi ta lungu in je gidan waya, a ce babu, in dawo in shige. Ranar kasuwa ina jin muryoyin mutanen garinmu a gaban shago suna cinikin ɗinki, ina kwance a kan ƙyallaye ina riƙe tari. Adakar da aka taɓa ajiye fararen kayan Sanda tana kusa da kaina. Barmo na kawo mini abinci, in ya ajiye ba ya fita sai ya faɗi tasa.

"Dikko, ka ga wanda yat tai Kaduna yat tsaya bayan kekena."

"Amsa nika jira."

"Ba amsa kaka jira ba. Jira kakai ta mutu ka huta." Da ya ga yadda na yi sai ya sassauta murya. "Uwa ta fa. Tashi ka tai ka durƙusa. In duka na, ka sha."

Ban tashi ba sai da kwanakin da za su ishi mutum ya je Kaduna ya dawo suka cika. Na shiga kanti na sayi sabulu mai ƙamshi a matsayin tsarabar Sanda. A hanya na yi ta shirya gaskiya a bakina, wallahi na shirya ta. Amma da na shiga gida na tsaya ƙofar ɗakin Inna, Hajo ta fito ta yi tambayar da ƙarfi don a ji daga ciki, sai na ji bakina yana cewa na same shi, lafiyarsa lau, aiki ne ya riƙe shi, ya ce yana tafe. Can sai muryar Inna ta fito, ta yi ƙasa sosai.

"Hajo, tambai shi. Ya san ina kwance?"

Na ce ya sani.

Daga ranar ba ta sake sa a dama fura ba. Ta ce a sauke asabari. Sabulun ko taɓa shi ba ta yi ba. Hajo ta riƙa zagin Sanda a tsakar gida, tana cewa boko ya cinye masa zuciya, ya ga lantarki ya manta wadda ta goye shi, ina zaune ina ji. Na ga fushin da nake tsoro ya tashi daga kaina ya sauka a kan yaron da ya yi shiru don ya kāre ni, wanda ban ma san ko yana da rai ba, kuma na bar shi a can. Na ji sauƙi. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau, cewa na ji sauƙi. Bayan kwana kaɗan Hajo ta fito da farin saƙin nan a hannu tana kuka. Inna ta ce a kai wa liman ya yanka mata likkafani da shi, tunda mai shi ba ya bukata.

Ranar da abin ya zo ƙarshe, bayan la'asar ne. An yi ruwa da safe, gulbi ya cika, daga cikin gari ana jin ƙugin sa. Hajo ta aiko a kira ni, ta ce Inna ta fara yafiya. Na tsaya inda na saba tsayawa, bayan asabari. Ina ji tana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya tana yafe musu tana neman su yafe mata: Hajo, jikoki, matata, maƙwabciyar da awakinta suka sha cinye mata shanya. A nan ta tsaya.

"Sanda fa, Inna?" in ji Hajo.

"Shi da Allah."

Ban san lokacin da na ɗaga asabarin ba. Matan da ke ciki suka ja mayafi suka matsa, don ba su taɓa ganina a ɗakin nan ba. Ɗakin ya fi yadda nake zato ƙanƙanta, ita ma haka. Na durƙusa a bakin gado na faɗi komai, kaina a ƙasa: wakilin hakimi, hannun da na sa, fararen kaya a adakar Barmo, wayar da ba a amsa ba, ɗakin ƙyallaye. Na ce Sanda bai taɓa zama Kaduna ba, bai san tana kwance ba, kuma sabulun a Tambuwal na saye shi. Ba ta dube ni ba. Idonta na kan rufin ɗaki. Da ta buɗe baki, da Hajo ta yi magana, ko da yake gwiwata na taɓa gadonta.

"Tambai shi. Ruwan ga ya kai gulbi?"

"Ya fi, Inna," na ce. "Ba a ganin gaɓa."

"Shina da rai?"

"Ban sani ba."

"Shi yas so, ko tura shi anka yi?"

"Shi yas so. Ya so shi faɗa miki, ni nih hana."

Ta rufe ido, har na zaci shi ke nan. Gulbi na ta ƙugi. Sannan ta ce, a hankali, tana hutawa tsakanin kalma da kalma:

"Sanda na yafe mishi, duniya da lahira. Allah shi tsare min shi bisa ruwa. A karɓo saƙinai wurin liman, a aje mishi."

Hajo na kuka ta ce amin. Ta share ido, ta dube ni, ta dubi Inna.

"Inna, Dikko fa?"

Sai Inna ta juya fuskarta wajen bango.

Haka take yi tun ina yaro duk lokacin da aka ambaci sunana. Haka kuma mutum yake yi in ya gama da kai. Ba ta sake magana ba, kafin magariba ta cika. Liman ya ce mini kunya ce, uwa ba ta tafiya da ɗanta a zuciya. Wani malami a Dogon Daji da na je wurinsa ya ce in yawaita yi mata sadaka, bai ce mini i ba, bai ce a'a ba. Hajo ta shekara ba ta gaishe ni ba. Da muka shirya na tambaye ta, tunda ita ta fi kowa sanin Inna. Ta ce ta ga bakinta ya motsa bayan ta juya, amma ba ta ji abin da ta ce ba.

Sanda ya zo bayan an yi girbi. Ashe tun kafin rikicin an tura su ƙasar waje da jirginsu, wayata tana ajiye a bariki sai da suka dawo aka ba shi. Wannan karon ban tare shi a Tambuwal ba, ya shigo Kebbe da fararen kayansa, babu wadda za ta gani. Ya tambaye ni abin da ta ce. Na ce ta san gaskiya kafin ta rasu, ta yafe masa, ta roƙa masa tsari a kan ruwa. Duk gaskiya ne. Ban faɗa masa makonnin da ta yi tana zaton ya ƙi ta ba, ko wanda ya sa ta zaci haka. Hajo ma ba ta faɗa ba. Barmo ya ɗinka masa saƙin, bai karɓi ladan ɗinki ba.

Sauran labarinsa kun fi ni sani, yana cikin hotunan da ke bangon gidansa. Ya yi yaƙi ya fito. Da sojan ruwa suka sayi jiragen sama masu saukar ungulu, ya nemi a tura shi koyon tuƙi, aka ce ya girme wa abin, ya nace har aka tura shi tare da yaran da ya horar. Ya taɓa kwatanta mini da faranti da ƙwallon goriba yadda ake sauka a bayan jirgin ruwa, filin bai fi tsakar gidanmu ba, yana hawa yana sauka yana karkata, iska na tura ka gefe, ƙasa kuma babu komai sai baƙin ruwa. Na tambaye shi ko ba ya jin tsoro.

"Kullum, Yaya. Amma Inna ta roƙa min tsari bisa ruwa. Shi yas sa ko na tashi sama ban yarda in yi nisa da teku."

Ya yi dariya, ni ban iya ba. Ya riƙe rundunar jiragen, ya riƙe makarantar horarwa, har aka yi masa adimiral, wato janar na sojan ruwa. Ya aiko mota ta kai ni Ikko ranar da aka ɗaura masa. Bayan an tashi ya ce in zo ya nuna mini teku. Na ce kaina na ciwo, na zauna a mota. Duk zuwan da zai yi gida, a Tambuwal yake tsayawa ya tuɓe kayan sarki ya sa rigar saƙin nan, har ta tsufa ta yi shara-shara. Mutane na cewa tawali'u ne. Sau da yawa muna zaune mu biyu na buɗe baki zan faɗa masa, sai in ga yadda yake ce mini Yaya, in tambaye shi lafiyar yara. Na yi ta jira har aka kira ni aka ce ya rasu.

Yanzu kusan duk wanda ke cikin labarin nan ya tafi inda zan je ba da jimawa ba, kuma ba mutuwar nake tsoro ba. Tsorona in isa in tarar har yanzu fuskarta na wajen bango.

'Ya'yan Sanda, ubanku bai taɓa ƙin kiran uwarsa ba, ku faɗa wa 'ya'yanku haka. In za ku iya yafe mini a madadinsa, ku zo ku faɗa mini da baki, ku kira sunana in ji. Ku kuma nawa, na ga kuna ɓoye mini abubuwa, kuna cewa kada hankalin tsoho ya tashi. Ni ma haka na ce wa kaina a gindin tsamiya, alhali kaina nake ji. Ina roƙonku kada ku bi sawuna. Duk abin da kuke tsoron faɗa mini, ku ɗaga labule ku shigo tun ina iya juyowa in dube ku.